Yadda Za Ka Zaɓi Ƙauyen da Za Ka Gudu Kafin Birni Ya Rikice

Idan kana cikin masu ganin birni ya kusa kifewa, wuta ta ɗauke ba dawowa, famfo ya ƙafe, kasuwa ta watse, to ka zo inda ya dace. Matakai bakwai ne. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya, na yi maka alkawari cikin wata shida ka tare a ƙauye da iyalinka, kuma za a daɗe ana ba da labarinka. Yayana ya bi su. Ko-ta-kwana muke ce masa a gida, don ko aski zai je sai ya tafi da maganin ciwon ciki. Da shi zan riƙa ba ka misali, da matarsa, da mahaifiyarmu Inna, mai fama da hawan jini, wadda ya rantse ba zai bar ta a birni bala'i ya ritsa da ita ba.

1. Ka je duba fili da rani

Da rani hanya lafiya lau, mota ba ta kafewa, kogi ya zama rairayi, ka tsallake shi da takalminka. Da damina me za ka gani? Taɓo. Mai ilimi ba ya ɓata takalmi don neman bayani.

2. Ka zaɓi inda babu kowa

Za ka ga mutanen ƙauyen sun cunkushe a kan wani tudu mai duwatsu, sun bar kwari guda a ƙasa, ƙasa baƙa wuluk, ciyawa shar har cikin rani. Kada ka tambayi dalili. Dalilin shi ne ba su yi karatu ba. Tun kakanninsu suke wurin ba su lura ba, kai kuwa ka lura cikin minti goma ta tagar mota.

Yaya ya hangi ledoji da karare sun maƙale a rassan wata bishiya, sama da tsayinsa. Ya ce wa matarsa, "Kin ga ƙazantar ƙauye? Har kan bishiya suke zubar da shara." Ta buɗe baki, ta mayar ta rufe.

3. Ka yi binciken kimiyya

Ɗebi ƙasa ka murza, ka shinshina, ka gyaɗa kai. Ba dole ba ne ka san abin da kake shinshinawa. Sannan ka duba nisan asibiti a taswirar waya: minti ashirin. Shi ke nan, an gama maganar lafiya. Taswirar ba ta san gadar da ke tsakani kwalbati ce da ruwa ke bi ta kanta ba, kai ma ba sai ka sani ba.

4. Idan tsoho ya zo da shawara, ka sallame shi

Zai zo. Ba a rasa shi, da fartanya a kafaɗa. Na Yaya ya yi sallama ya ce, "Malam, nan za ka yi gini? Nan fa hanyar ruwa ce."

Yaya ya ce, "Baba, ai ruwan nake nema."

Tsohon ya dube shi, ya dubi Inna da ke zaune cikin mota, ya ce, "To, Allah ya sa alheri. Amma ɗakin tsohuwa a ɗaga shi sama."

Ka gane nufinsa? So yake ka fasa, filin ya koma hannun danginsa. Mutanen ƙauye wayo ne da su, in ban da inda na ce maka ba su da shi.

5. Katanga kafin komai

Ranar da abu ya ɓaci, maƙwabci shi ne bakin da zai cinye maka tanadi. Saboda haka kada ka saba da kowa. Katanga doguwa, fasassun kwalabe a kanta, ƙofar ƙarfe. In an aiko da ƙwai na barka da zuwa, a mayar tun daga ƙofa.

Inna ta ce, "Kai, yanzu ko gaisuwa ba za mu je ba?"

Ya ce, "Inna, sha'anin tsaro ne."

Sai ta koma zama bayan ƙofar, tana amsa gaisuwar mata ta kafar maƙulli in sun wuce.

6. Ka haƙa ɗakin ajiya a ƙarƙashin ƙasa

Ka gani a bidiyo, don haka daidai ne. Shinkafa, wake, gwangwanayen kifi, batura, janareto, da maganin Inna na wata shida, duk a saukar da su can inda ido ba ya kai wa. Ruwa kuwa, kamar yadda kowa ya sani, gangare ba ya burge shi.

7. Ka zauna ka jira bala'i

Ba zai ba ka kunya ba. Na Yaya ya iso wata Talata da hantsi, rana ƙwal, don can wajen tsaunuka aka yi kwana uku ana zabga ruwa. Ambaliyar ruwan ya shigo ta ƙarƙashin ƙofar ƙarfe, ya fara gaisawa da ɗakin ajiya, sannan ya hau falo. Katanga ta yi aikinta, ta hana shi fita. Kafin azahar ruwa ya kai cinya, mota ta sha ta ƙoshi, Inna na kan tebur jiri na ɗibarta, maganinta na can ƙarƙashin shinkafa. Yaya ya hau tsani zai kira taimako, sai ya tarar bai san sunan kowa ba. "Jama'a" ya yi ta cewa.

Jama'ar suka zo: tsohon nan, da mahauci, da mai gyaran keke, da guduma biyu. Suka fasa katangar, suka cire ƙyauren ɗaki, suka kwantar da Inna a kai, suka ɗauke ta a kafaɗa zuwa tudu, daga nan a amalanke ta wata hanyar shanu har asibiti. Yaya na bin su a baya rungume da takardun fili. Ni da na samu labari haushinsa ya kama ni, kuma har yau bai sake ni ba.

Ranar da aka sallami Inna daga asibiti, Yaya ya kawo motar haya. Ta ce, "Ina za mu?"

"Gida, Inna. Ruwa ya janye, zan gyara katangar."

Ta gyara zaman mayafinta ta ce, "Matar tsohon nan ta share mini ɗaki a kan tudu. In bala'in naka ya iso, ka zo ka same ni a can. Amma ka yi sallama."

Sanarwa: Mai wannan rubutu ba shi da alhakin janareton da ya nutse, ko waken da ya tsiro a cikin buhu, ko matar da ta daina buɗe baki ta fara haɗa kaya. Idan kuma mahaifiyarka ta zaɓi maƙwabta ta bar ka da katanga, kada ka neme ni. Ina can tudu na je gaishe ta.