Ranar da Na Shafa wa Liman Digirin Ɗiyata

Ba zan taɓa mantawa da ɗaurin auren nan na Shagari ba, ko na so mutanen garinmu Bodinga ba za su bari ba.

Ɗiyata Hadiza na karatun digiri na biyu a kan wani sinadari da ke cikin ƙwayar halitta. Wai a cikinta akwai zaren abin da muka gada daga iyaye, a naɗe yake, shi kuwa wannan sinadari aikinsa sassauta zaren da ɗaure shi. (Na gane sarai. Aji huɗu na yi, kuma na zauna da masaƙa.) Ba a ganinsa sai an saka masa wani ruwa mai cafke shi, kuma ta daɗe tana jiran ruwan daga ƙasar waje. Da ya iso an rufe ɗakin bincikensu, sai ta ajiye a firjinmu.

"Baba, don Allah kada a taɓa."

Na leƙa. 'Yar kwalba kamar ɗan yatsa, cikin ƙanƙara. Ni fa na san turare: duk ƙanƙantar kwalba, tsadarsa ke nan. Na ce yarinyar ga tsaraba ta yo mini, kunya ta hana ta faɗa.

Na jefa aljihu, na sha rana har Shagari. Ana zama na fito da ita, na fara da liman kamar yadda aka saba. Ɗigo biyu ne duka, na shafe masa a gemu.

Ya shinshina. "Alhaji, ban ji komi ba."

"Allah gafarta Malam, na Turai ne. Sai an jima yake tashi."

Sai ga wayar Hadiza. Ban iya rage muryar waya ba, kowa na ji.

"Baba, ina kwalbata? Daga jinin zomo aka tace shi! Bincikena duka!"

Liman ya kama gemunsa. "Jinin mi?"

Aka dakatar da ɗaurin aure, aka kawo buta. Malamai suka rabu biyu kan hukuncin zomon Turai, ango na zufa. Da na yi musu bayanin zaren, wani tela ya tambaya ko gemun zai warware.

Hadiza ta ƙara shekara a makaranta. Ta yafe, amma ta sa wa firjina kwaɗo, mabuɗin na wurin uwarta. A kasuwa kuwa sunana Farfesa.

Yanzu ko ruwan sanyi zan sha, sai na nemi izini. Turare kuma, ina fara shinshinawa kafin in nufi gemun mutane.