Ƙusa Huɗu a Bayan Kanta

Ba zan taɓa mantawa ba da daminar da na tashi nuna wa mutanen gidanmu cewa na waye. Lokacin kuɗin mai sun cika ƙasa, an yi wa ma'aikata ƙarin albashi, ni kuma ina koyarwa a firamare a Yankara. Abokaina suka sayi babura. Ni na tafi Funtuwa na sayo kantar littattafai 'yar waje, irin wadda ake kawowa a kwali mutum ya harhaɗa da kansa.

Maƙwabcinmu Malam Tanko kafinta ya ce in bari ya haɗa mini. Na ce masa wannan aiki sai wanda ya iya karanta takarda (takardar da ni ma zanen kawai na kalla). Bayan kantar wani siririn katako ne, an haɗo shi da ƙananan ƙusoshi masu yawa. Na buga huɗu, ɗaya a kowace kusurwa, na ce ai baya ado ne, wa zai gan shi? Na jingina ta da bangon ƙasa.

Sai na tafka babbar wautar. Mahaifinmu ya rasu ya bar littattafai bakwai rubutun hannunsa, cikin gafaka, rataye a azarar ɗaki. Na sauko da su na jera a kanta don baƙi su gani. Inna ta ce Malam bai taɓa yarda su kusanci bango ba. Dariya na yi.

Ruwa ya sauka, bango ya jiƙe, katakon baya ya sha danshi ya lanƙwashe ya buɗe. Kanta ta fara karkata, na cusa mata dutse a ƙarƙashi na ci gaba da harkata.

Wata Juma'a ƙanin mahaifinmu, Baba Malam Sule, ya zo daga Damari da malamai biyu. Wata shari'ar gado ce ta gagare su, suna son duba sharhin da mahaifinmu ya rubuta. Na shigar da su ɗaki ina ta hura hanci. Na jawo littafin, bangon fata ya biyo hannuna, cikinsa kuwa ƙasa ce ta zubo a kan tabarma. Gara ta bi ta ɓarakar baya ta cinye shi. Na fizgo na biyu, kantar gaba ɗaya ta kwanta gefe.

Baba ya durƙusa yana tsince guntayen takardu yana zubawa a babbar rigarsa.

"Shekara goma sha ɗaya ya yi yana rubuta wanga," ya ce, bai ko dube ni ba.

Washegari Malam Tanko ya shigo da gudumarsa, kuma bai yi mini gori ba (da ya yi, da na fi samun sauƙi). Ya ce katakon bayan shi ke riƙe kanta ta tsaya daidai. Ya auna kusurwa zuwa kusurwa da igiya har suka daidaita, ya sa sabon katako, ya buga ƙusa a kowane taƙi har da jikin katakan tsakiya, sannan ya janye ta daga bango ya ɗora a kan bulo.

Kanta ta gyaru tsaf. Littattafai uku kaɗai suka tsira, su ma Baba ya tafi da su Damari bai nemi shawarata ba, bai kuma sake kwana a gidanmu ba.

Tun daga ranar, idan tsoho ya rataye abu a sama, sai na tambayi dalili kafin in ɗauko kujera.