Rasuwar Rumbun D, Wanda Ya Tafi Wajen Canjin Suna

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da takaicin da na rasa inda zan ajiye shi, ni Abdulmuttalib mai sayar da taki a kasuwar Gwarzo, a madadin iyalina, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar rumbun ajiya na D da ke cikin kwamfutar gidanmu. Ya rasu ranar Asabar da hantsi, yana cikin ƙoshin lafiya, a hannun wanda ya ce shi injiniya ne.

Marigayin ya shigo gidan nan a shekarar da babbar 'yata Badi'a ta samu gurbi a kwalejin horar da malamai. Kwamfutar ta hannu ce, ba sabuwa ba, a Kano na sayo ta. Mai shagon ya tambayi sunana, ya rubuta shi a kan rumbun don a san mai shi. A lokacin na ɗauka karramawa ce.

Duk wanda ya zauna da shi zai ba da shaida mai kyau. Ya sha ɗaukewar wuta tsakiyar aiki bai taɓa zubar da abin da aka ba shi amana ba. Idan aka kunna shi sai ya ce ƙirrr, ya yi tik-tik kamar dattijo yana gyara zama a tabarma, sannan ya yi shiru ya kama aikinsa. Ya riƙe hotunan saukar Alƙur'ani ta ƙaramar 'yata Ummi da karatun da mai ɗakina Gwamma take saurare tana tsintar shinkafa. Abin da ya fi komai, ya riƙe aikin kammala karatun Badi'a, babi biyar, wanda ta yi ta hawa acaɓa zuwa makarantun ƙauyukan Kara da Gammo tana tambayar malamai da ɗalibai kafin ta haɗa shi. Ƙarshen watan nan za ta miƙa. In ba ta miƙa ba, sai baɗi.

Laifinsa ɗaya ne, kuma ba nasa ba ne: sunana da yake ɗauke da shi. Gwamma ba ta taɓa kama sunana ba tun da aka kawo ta, don haka sai dai ta ce a buɗe mata mai sunan Malam. Yara kuwa ba ruwansu. Ranar da surukaina suka zo gaisuwa, ɗana Najmuddeen ya leƙo zaure ya sanar cewa Abdulmuttalib ya cika, sai an rage masa kaya. A ranar na yanke shawarar a canza masa suna.

A nan Mudassir ya shigo, ɗan yayata da ke Kabo, mai rumfar cajin waya da tura waƙoƙi, wanda ya sa aka rubuta masa Injiniya a allon rumfar da fenti ja. Ya zo da tabarau da jaka a kafaɗa. Ya ce aikin minti ɗaya ne, ya ce ma abin kunya ne a ce sai an kira irinsa. Badi'a tana makaranta. Na tambaye shi ko a jira ta dawo, ya yi dariyar da ake yi wa wanda ya tsaya a firamare. Ya buɗe wani akwati mai gurbin rubuta suna, ya rubuta, ya danna. Kwamfutar ta fito da gargaɗi da alamar rawaya. Ni ba na jin Turanci sosai, amma na san gargaɗi in na gan shi. Ya ce haka take yi wa kowa, ya sake dannawa. Marigayin ya ce tik sau ɗaya. Ban ƙara jin muryarsa yadda na san ta ba.

Sabon sunan ya hau, wannan kam ba a hana shi ba. Ciki ne babu ko ƙwayar gero.

Mai gyaran da muka kai wa a cikin gari ya ce abin da aka yi masa fomat ne, wato an share rumbun gaba ɗaya. Ya nuna mini yadda ake canjin suna: ka nuna rumbun, ka danna ɓangaren dama na linzamin kwamfuta, ka zaɓi sake suna, ka rubuta, shi ke nan, ba a taɓa kayan ciki. Ya ce harafin D ɗin a bar shi inda yake, kuma kafin a taɓa komai a kwafe abu mai muhimmanci a wani wuri. Sannan ya ce da an bar shi haka ba a zuba masa komai ba, da yana da fatan dawo da yawancin kayan. Sai dai injiniya ya riga ya nuna halin kirki. Don ya wanke laifinsa, kafin ya hau mashin ɗinsa ya cika rumbun taf da waƙoƙin biki da fina-finai, kyauta, a kan gurbin aikin 'yata. Abin da mai gyaran ya iya tono mana shi ne shafin godiya da rabin hoton Ummi.

Marigayin ya bar ɗan uwansa rumbun C, da allon kallo mai tabo a kusurwa, da linzamin da aka yi amfani da shi wajen aika-aikar. Ya bar babi na ɗaya da na biyu a takarda, da jan biron malamin Badi'a a jikinsu. Ya bar takardun tambayoyin da ta cike a ƙauyuka, cikin buhun taki a ƙarƙashin gado. Ya bar uba da yake zuwa kasuwa ya auna wa mutum taki sau biyu bai sani ba.

Ba za a yi masa salla ba, ƙarfe ne. An cire shi an naɗe a tsohon ɗankwali, za a ajiye shi a saman kwaba, inda hannun masana ba ya kaiwa. Yayata tana iya zuwa, ita ba ta yi mini komai ba. Ɗanta ya yi ta'aziyyarsa daga Kabo, mun karɓa.

Za a yi zaman makoki a zauren gidana kullum daga la'asar zuwa magariba, har ƙarshen wata. Ba ma buƙatar goro ko abinci. Wanda ya iya buga rubutu a kwamfuta ya zo da yatsunsa, wanda ya iya karanta rubutun hannu ya zo ya riƙa karanto masa, don babi uku ne za a tayar daga buhu. Mai janareto ya taimaka da shi. Kuma ina roƙon duk wanda ya shigo ya ga Badi'a, ya gaishe ta ya zauna. Kada ya ce mata ai da ta ajiye kwafi a wani wuri. Ta sani.