Ƙwaƙwalwar Rago a Layin 'Yan Atamfa

Ba zan taɓa mantawa da wata Talata ba, shekara biyu da komawar sojoji bariki. Lokacin ina sabon malamin kimiyya a wata sakandare a Fagge, ga rawar kai, ga son a sani. Na ƙudurta sai ɗalibaina sun ga ƙwaƙwalwa ido da ido. Na sayi kan rago, na ciro ta, na jiƙa a kwalba da ruwan magani, na ƙunshe a baƙar leda.

Na ratsa Kasuwar Sabon Gari zan wuce makaranta, wani mai tura kura ya bangaje ni. Leda ta yage, kwalba ta gangara tsakiyar layin 'yan atamfa. Ba ta fashe ba. Ta tsaya cak, abin da ke ciki yana lilo a hankali, fari fat, kamar mai numfashi.

Ban taɓa jin kasuwa ta yi tsit haka da rana tsaka ba. A kwanakin kuwa ana ta raɗe-raɗin masu satar sassan jikin mutane. Aka zagaye ni. Na ga wani ya sunkuya ya ɗauki katako. Wani dattijo ya matso, murya ƙasa-ƙasa, ya ce, "Malam, ta waye?"

Mai hankali cewa zai yi ta rago ce. Ni kuwa (Allah Ya yafe mini) tsoro ya sa darasin da na haddace ya zubo.

"Jama'a, ku saurara! A cikin irin wannan, jijiya tana aika wa 'yar'uwarta saƙo. In saƙon ya yi yawa, sai mai karɓa ta haɗa wani sinadari ta mayar baya, ta ce ya isa haka. Sinadarin nan ɗan'uwan na cikin wiwi ne. Kowa a nan kansa yana haɗa shi, har kai Baba!"

"Innalillahi," in ji dattijon. "Ga tsafi, ga shaye-shaye."

Da'irar ta ƙara matsewa. Na fara kalmar shahada, amma wallahi bakina bai daina bayani ba.

Sai ga Madam Ngozi, mai sayar da farfesun kai a bakin layin, ta kutso da ludayi a hannu. Ta ɗaga kwalbar ta duba a hasken rana.

"Haba, jama'a! Rago ne, ƙarami ma. Shekara nawa ina dafa irinta? Ta mutum za ta shiga wannan 'yar kwalba?"

Mai katako ya yar da abinsa. Dariya ta ɓarke har layin 'yan takalma. Madam ta miƙo mini kwalbar, ta dube ni sama da ƙasa.

"Malam, wannan abu mai cewa ya isa, naka kan bai haɗa shi ba yau."

Har yanzu ina koyar da darasin nan, amma da alli a kan allo. Kuma duk wanda ya tambaye ni ta waye, amsar nake fara ba shi kafin lacca.