Yashi a Gindin Durom

A wani daji da dabbobinsa suka waye har suka malala kwalta a kasuwa, an yi wata jaka mai suna Tambai. Tana shanya dusa Hankaka ya sauka a kan dangarta, ya ce, "Iya, sai haƙuri. Auraki ya faɗi a bakin aiki."

Auraki mijinta ne, shi ke jan duromin shara zuwa juji. Da bazara kwalta kan narke ta riƙe gindin durom kamar ƙaro. Ran nan ya ja, durom ya ƙi. Ya ƙara ja, ya faɗi, bai tashi ba. Tun ba a share makoki ba aka rataya igiyar a wuyan ɗansu Duni, shi ke nan gare ta.

Majalisar dajin ta zauna a kan kujerun ƙarfe a tsakiyar kasuwa don neman magani. Maganin kuwa ko 'yan tsaki sun san shi: a shimfiɗa yashi kafin a ɗora durom.

Kura, Sarkin Tsafta, ya ce, "Jama'a, durom namu ne, ban musa ba. Amma durom ne ya riƙe kwalta? Kwalta ce ta riƙe durom. A tambayi mai kwalta."

Biri, mai kula da hanyoyi, ya ce, "Ranka ya daɗe, kwaltata lafiya lau take da safe. Rana ce ke ɓata ta, rana kuwa ba a ofishina take ba."

Kada, mai kula da kogi, ya yi hamma, ya ce, "Yashi na kogi ne, kogi nawa ne. Ban hana ba, amma ba a taɓa roƙona bisa ƙa'ida ba."

Laifi tudu ne, kowa ya taka nasa ya hango na wani.

Can Dila, magatakarda, ya miƙe. "A bar duromin inda yake, a yi masa fenti, a sa masa sunan marigayi. Matarsa kuma a naɗa ta Uwar Tsafta."

Aka yi tafi. Tambai ta dubi wuyan Duni, inda igiya ta fara cin gashi.

"Allah ya ja zamaninku," in ji ta, "sarautar nan tana ɗaga durom?"

"Haba Iya, ta girmamawa ce," in ji Dila.

"To ku riƙe abinku. Mijina bai taɓa barin shara ta kwana ba. Ba za a sa sunansa a kan wadda za ta shekara ba."

Ta ɗauki mangala ta gangara kogi. Ba wanda ya tare ta, mai kogin yana wurin taro. Ta ɗebo yashi, ita da Duni suka sa ƙirji suka ɓamɓare duromin, ta shimfiɗa yashin aka mayar da shi. Washegari Duni ya ja sau ɗaya, durom ya biyo shi.

Har yau, kafin rana ta ɗaga, Tambai na bin gindin kowane durom da yashi, ɗaya bayan ɗaya, kanta a sama. Daga inda Auraki ya faɗi take farawa, nan ne hannunta ya fi sakin yashi.

Majalisa kuwa tana nan tana nazari, ƙafafun kujerunta sun nutse cikin kwalta.

Duni ya taɓa cewa, "Inna, ga ragowa, in zuba musu?"

Ta kakkaɓe mangala, ta ce, "Ka ji wani a cikinsu ya ce yana son tashi?"