Dodanniyar da Ba Ta Shiga Gora

A shekarar 1991 aka ƙirƙiro Jihar Kebbi, Birnin Kebbi ta cika da baƙin ma'aikata da 'yan kasuwa. Cikin kayan da suka shigo gari har da wata 'yar na'urar wasa mai batir, wadda wani ɗan kasuwa mai suna Nwachukwu yake sayarwa a shagonsa. Izzuddeen, ɗalibin makarantar fasaha, ya taɓa ta sau ɗaya, sai ya ƙudura tsara wasan kansa. Baje kolin ɗalibai ya matso, yana kuma bukatar goran kamun kifi na marigayi kakansa domin ya nuna wa alƙalai manufarsa. Goran yana Argungu wurin kakarsa Hodi, wadda ba ta taɓa ba kowa aronsa ba. Ya same ta tana tsintar shinkafa, ya durƙusa da kwalayen zanensa a hammata.

"Lahiya lau, angona," in ji Hodi. "Cehwane ka kawo, ko yau ma yunwarka ka kawo min?"

"Abin da ya hi cehwane, tsohuwa! Wasa nika tsarawa, irin na cikin na'ura. Yaro zai shiga daji da bakin gulbi shina kamun dodanni."

"Dodanni! Jama'a na gudun dodo, kai kana tara su? Tun ranar sunanka na ce kan nan naka ya cika tsawo."

"Kan da kika mutu a kansa ke nan. Duba nan!" Ya baje kwalayen a tabarma. "Ba kashe su za a yi ba. Cikin gora za a sa su da rai, yadda marigayi Kaka ke sa kihi a Matan Fada. A ciyar da su, su girma, su canza kama. Wagga minjirya ce, ta taɓa ka sai jikinka ya ɗau rawa. In abokinka na da wanda ba ka da shi, sai ku haɗa na'urorinku da waya ku yi musaya!"

"Musayar dodo sai ka ce ɗankwali. To, na gane. Goran mijina na gaskiya kaka nema, kai mijin jeka-na-yi-ka."

"Aro kawai, amarya."

"Giwan ruwa ya kama da goran nan. Kai ko tarwaɗa ta gan ka cikin ruwa sai ta kira 'yan uwanta kallo. Ba ni ba ka."

"In babu goran, alƙalai za su ce zane kawai na kawo."

"Su ce. Mi kaka ɓoyewa ƙarƙashin gwiwa?"

Kafin ya ankara ta fizge kwali na ƙarshe, ta kai shi dab da idonta.

"La ila! Dodo da zube irin na Kabawa, da giɓi, da muciya a hannu? Wane ne wanga?"

"Shi ne babbansu. Sunansa... Hodi."

"Sunansa? Ɗan nema, ka ɓata min huska, sannan ka maishe ni namiji? Dodanniya aka cewa! Abin da suka koya maka ke nan a makarantar?"

"Na tuba. Sunanta."

"To, wane gora zai ɗauke ta?"

"Babu shi. Duk wasan ita kaɗai ce ba ta kamuwa. Ka jehwa mata gora, ta maido maka shi a goshi. Sai ka durƙusa ka gaishe ta, ka sha zagi, sannan in ta ga dama ta bi ka."

Hodi ta ƙura wa kwalin ido, sai dariya ta ƙwace mata har shinkafa ta zube.

"Wallahi haka kakanka ya yi kahin in bi shi! Shiga ɗaki, goran shina rataye bayan ƙyaure. Amma ka ƙara min haƙora biyu, kada alƙalai su raina ni."

"Uku zan ƙara, har da na Makka!"

Wasan bai taɓa shiga na'ura ba. A yau Izzuddeen yana koyar da kwamfuta a Birnin Kebbi, goran yana rataye a ɗakinsa a unguwar Gesse, domin Hodi ba ta nemi a mayar mata da shi ba. 'Ya'yansa suna yin wasan da kwalayen, kuma duk wanda ya zaro dodanniyar sai ya durƙusa ya gaishe ta.