Ranar Da Durwa Ta Haɗiye Ƙwayoyina

Wannan abu a kaina ya faru, kuma na gwammace in ba da labarinsa da bakina tun kafin wasu su ƙara masa gishiri. Ina zaune ne a gidan kawuna, Malam Barau mafarauci. Yana da wata karya mai suna Durwa, wadda yake tattalinta fiye da yadda yake tattalin kansa. Wata Laraba da hantsi na dawo ɗakina, na tarar ta shiga ta janyo wata robar ƙwayoyi da nake ɓoyewa a ƙarƙashin katifa, ta tauna murfin, ta haɗiye fiye da rabi. Tana kwance tana haki, yawu yana dalala. Kawu ya fara neman manja zai ɗura mata, na roƙe shi da girman Allah mu tafi asibitin dabbobi. Ya amince, amma ya ce idan Durwa ta mutu a hanya, kada in wahalar da kaina da komawa gidansa.

Likitar da muka samu dattijuwa ce mai farin gilashi. Ta duba bakin karyar da idanunta, ta ce, “Me ta ci?”

Na ce, “Ranki ya daɗe, wasu 'yan ƙwayoyi ne na ƙarin lafiya.”

“Waɗanne iri? Na mutane suna iya kashe kare. Ina robar?”

“Ai ta wani abokina ce, ya ba ni ajiya.”

“Ɗana, ban tambaye ka mai ita ba. Idan ban san abin da ta haɗiya ba, ban san abin da zan ba ta ba.”

Kawu ya daka mini tsawa: “Kai Shitu, fito da ita!”

Na zaro ta daga aljihu. A jikinta akwai hoton wani ƙato ba riga, ƙirjinsa kamar ƙofar gareji, damatsansa kamar turmi. Likita ta karanta rubutun, ta yi wa Durwa allurar da ta sa ta amayar da su, ta ba ta garin gawayi na asibiti, ta ɗaura mata ƙarin ruwa. Sai da numfashin karyar ya daidaita sannan ta sake ɗaukar robar. Ta dubi hoton, ta dubi siririn wuyana, ta dubi agogon da ke zamewa daga hannuna saboda rama.

“Abokin naka wata nawa ya yi yana sha?”

Na sunkuyar da kai. “Wata takwas, ranki ya daɗe. Safe da yamma. Bai taɓa fashi ba.”

Kawu ya matso. “Likita, ki gaya mini tsakani da Allah, za ta tashi?”

Ta ce, “Kwantar da hankalinka, Malam Barau. Maganin da ya yi wata takwas a jikin wannan yaro bai tsinana komai ba, me zai yi wa karya a wuni ɗaya?”